Tambaya da Amsa: Yadda Ake Farfaɗo da Tsofaffin Fina-finan Ban Tsoro

Wasiƙun wannan fitowa sun taru ne a kan tsofaffin fina-finan ban tsoro da ake gyarawa a sake fitar da su a faifan Blu-ray da na 4K. Masu aikin tace hoto da sauti da ke kula da wannan fili su ne suka amsa.

TAMBAYA: Malam, na kalli Dracula na 1931 a gidan wani abokina, hoto tangaram, har gashin girar jarumin ana iya gani. Amma fim ɗin Hausa da aka yi a 2000 in ka sa shi a babbar talabijin sai ka ga dishi-dishi. Kwamfuta ce ta ƙirƙiro wannan kyan? Daga mai karatu a Fagge.

AMSA: A'a ɗan'uwa, kyan yana nan tun 1931, kayan kallonmu ne ba su kai su nuna shi ba. An ɗauki Dracula a kan zaren fim mai faɗin milimita 35, wanda aka shafe da ƙananan ƙwayoyin azurfa masu kama haske. Abin da wannan zare yake riƙewa ya ninka abin da kaset yake riƙewa sau da yawa. Faifan bidiyo-sidi da ya cika Ƙofar Wambai a wajen 2000 ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. Dibidi 720 da 576. Blu-ray 1920 da 1080. Faifan 4K na gida 3840 da 2160. Shi kuwa firam ɗaya, wato hoto ɗaya, na zaren 35, in an sa shi a sikana ta 4K, ana samun ɗigo 4096 da 3112. Fim ɗinmu na 2000 da kyamarar bidiyo aka ɗauke shi, layi 576 ne iyakarsa tun ranar ɗauka.

Sai dai ba kowane kwafi ne yake da wannan kyau ba. Uwar duka ita ce negetif ɗin da ya shiga cikin kyamara. Daga shi ake buga kwafin ajiya, daga wannan a buga negetif na biyu, daga na biyun a buga kwafin da ake kaiwa silima. Kowane hawa yana rage kaifi, yana ƙara duhu a inda yake da duhu, yana ƙara yashi-yashi. Wanda iyayenmu suka kalla a Rex ko Plaza ko El-Dorado hawa na huɗu ne, kuma ya sha yawo a majigi kafin ya iso Kano. Saboda haka in ka ɗauki faifai, ka juya bayansa ka duba daga me aka ɗauko hoton. In an rubuta daga negetif na asali ne, to an fara da ƙafar dama.

TAMBAYA: Ina koyon tace fim a wani ofis da ke titin Gidan Zoo. Don Allah a jero mini yadda aikin yake daga farko har ya zama faifai.

AMSA: Aikin yana farawa da nema, kuma nan ne ya fi cin lokaci. Ana rubuta wa ma'adanan fina-finai na ƙasashe a tambayi me suke da shi, a tara duk kwafin da aka samu, a gwada su firam da firam. Lokacin da aka gyara The Cabinet of Dr. Caligari na 1920, wanda aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2014, an samu negetif na asali a ma'adanar gwamnatin Jamus amma babu naɗin farko, sai aka cike shi daga wasu tsofaffin kwafi.

Daga nan sai teburin gyara. Ana warware naɗin da hannu, da safar hannu ta auduga. Naɗi mai ƙafa 1000 minti 11 ne, kowane firam yana da huda huɗu a kowane gefe. Ana duba hudar da ta yage a liƙe ta, a sake haɗa gaɓoɓin da gam ɗinsu ya saki, a cire tsohon salatif da daskararren mannensa. Sai a auna ƙanƙancewa, domin zare yana motsewa da tsufa. In ya motse da fiye da kashi 1 cikin 100, haƙoran inji ba za su ƙara dacewa da hudojin ba, za su kekketa shi. Irin wannan sai sikana marar haƙora, mai jan zare da robobi masu santsi.

Sai wanki, a injin da ke girgiza ruwan sinadari da sautin da kunne ba ya ji, ƙura da maiƙo su saki. Karce kuwa wanki ba ya fitar da shi. Dabararsa ita ce a ɗauki hoton zaren yana nutse cikin wani ruwan sinadari da ke lanƙwasa haske daidai da yadda jikin zaren yake yi. Ruwan yana cike ramin karcen, haske ya wuce kamar babu shi. Amma wannan yana aiki ne ga karcen bayan zare kawai. In ta fuskar da hoton yake aka karce, hoton ne ya tafi, sai dai a cike da kwamfuta.

Ga lissafin ajiya, don ka san girman abin. Fim na minti 90, firam 24 a daƙiƙa, firam 129,600 ke nan. Kowane firam na 4K mai zurfin launi 10 yana cin kusan megabait 50. Jimla ta haura terabait 6, ɗanye, kafin a taɓa komai. Mai zurfin 16 yana kusan kaiwa terabait 10. Wannan ɗanyen ba a taɓa shi, ajiye shi ake yi a wuri biyu, a yi aiki a kan kwafi.

A kwamfuta ana bin tsari: a tsayar da rawar hoto, a daidaita ƙyaftawar haske, sannan a cire datti. Manhajoji irin su Diamant da Phoenix suna gano datti ta hanyar gwada firam da na gabansa da na bayansa. Abin da ya bayyana a firam ɗaya tak sai su ce datti ne. To a nan ake ɓarna. Ruwan sama, tartsatsin wuta, ƙyallin ido, jemage mai wucewa da sauri, duk a firam ɗaya suke bayyana a wuri ɗaya, kuma duk kayan fim ɗin ban tsoro ne. Ka tuna ɗakin gwajin da ke cikin fim ɗin Frankenstein da walƙiyarsa. In aka sakar wa manhaja ragama, rabin tartsatsin zai ɓace. Dole mutum ya bi bayanta firam da firam yana mayar da abin da ta cinye. Akwai sikanar da ke gano ƙura da hasken da ido ba ya gani, tana da amfani ga fim mai launi, amma ba ta aiki ga baƙi da fari, domin azurfar hoton ita ma tana tare wannan haske.

Bayan haka sai daidaita haske da launi, galibi da manhajar DaVinci Resolve, sai gyaran sauti, sai matsewa. Terabait 6 ne za a cusa a faifai mai gigabait 50, ko 66 zuwa 100 in na 4K ne. Matsewa mara kyau tana iya rusa aikin wata shida: hazo da hayaƙi su koma tsani-tsani, duhu ya farfashe ya zama murabba'ai. Mai duba aiki wurare masu duhu yake fara dubawa.

TAMBAYA: Ina sayar da talabijin da na'urorin faifai a Farm Centre. Masu saye suna dawo mini da ƙorafi cewa faifan tsohon fim yana yashi-yashi, kuma ya yi duhu. In an gyara shi, me ya sa ba a share yashin ba?

AMSA: Alhaji, ka gaya musu yashin nan shi ne hoton. Ƙwayoyin azurfar da muka ambata su ne suke haɗuwa su ba da fuska da bango da inuwa, kuma a kowane firam wurinsu daban, shi ya sa ido yake ganin suna motsi. Duk manhajar da ta goge su, tare take gogewa da ramukan fata, da zaren tufafi, da tsagar bango. Sai fuska ta koma sumul kamar ta roba. An yi wannan kuskure sosai a farkon zamanin Blu-ray, kuma masu saye sun yi ta kuka. A ra'ayinmu faifan da aka yi wa haka ya fi mai karce muni, domin karce yana rufe wuri kaɗan, gogewa kuwa tana cin firam gaba ɗaya.

Wasu fina-finan ma yashin yana cikin tsoronsu. The Texas Chain Saw Massacre na 1974 a zaren milimita 16 aka ɗauke shi, wanda firam ɗinsa bai kai rabin na 35 ba, saboda haka ƙwayoyinsa manya ne. Da aka yi masa gyaran 4K a 2014 ba a mai da shi sumul ba, kuma daidai ke nan. Wannan kaushin ne yake sa mai kallo ya ji kamar abin ya faru da gaske.

Batun duhu ya fi wannan muhimmanci. Negetif yana riƙe da abubuwa a cikin inuwa waɗanda mai ɗaukar hoto ya san ba za su fito a silima ba, domin kwafin hawa na huɗu zai binne su. Ya dogara da hakan: igiyar da ke riƙe da jemage, bakin fatar roba a wuyan dodo, bangon da zane ne kawai. In mai gyara ya ɗaga haske don ya burge da cewa komai yana fitowa, ya tona asirin fim ɗin, tsoro ya koma abin dariya. Haka kuma akwai fitowar da aka ɗauka da rana tsaka da niyyar a duhunta ta wajen bugawa ta zama dare. A negetif rana ce ƙiri-ƙiri. Wanda bai nemi tsohon kwafin silima ya gwada ba, zai fitar da faifan da dodon dare yake yawo da hantsi. Shi ya sa masu aikin kirki suke neman kwafin da aka buga a shekarar da fim ya fito, su kuma gayyato mai ɗaukar hoton in yana raye. Gyaran Suspiria na 1977 da kamfanin Synapse ya fitar a 2017, Luciano Tovoli da ya ɗauki fim ɗin shi ya sa ido a kan launinsa.

Sauti ma haka. Dracula na 1931 ba shi da kiɗa in ban da na buɗewa da na fitowar gidan wasa. Shirun da ɗan huci na tsohon sauti su ne suke riƙe da mai kallo. Ana cire ƙas-ƙas da tsalle-tsalle, a rage hucin, amma in aka share shi ƙaf muryoyi suna komawa kamar daga cikin ruwa. Kiɗan da Philip Glass ya yi wa fim ɗin a 1999 zaɓi ne na daban a faifai. Faifan kirki yana barin sautin asali na lasifika ɗaya ko da an ƙara sabon haɗi.

Kafin ka karɓi ƙorafi, duba saitin talabijin ɗin. Yawancinsu suna fitowa daga kwali da kaifi a sama, wanda yake ninka yashin. A sauke kaifi zuwa ƙasa, a kashe mai rage yashi da mai santsin motsi, a zaɓi yanayin silima, a kashe fitilar ɗaki.

TAMBAYA: Baƙin shafi a hagu da dama na hoton, lalacewa ce? Kuma wani faifan da aka kawo mini daga Amurka ya ƙi yi. Daga Gwammaja.

AMSA: Ba lalacewa ba ce. Fina-finan kafin tsakiyar shekarun 1950 faɗinsu 1.33 ne ko 1.37 a kan tsayi 1, talabijin ta yanzu kuwa 1.78. In ka cika allon, ko ka yanke kawuna ko ka buɗa fuskoki. Faifan kuma, Blu-ray yana da shiyya uku: Amurka A, Turai da Afirka B. Ka nemi bugun Ingila ko Jamus, ko na'urar da ba ta da shiyya. Faifan 4K ba a kulle shi da shiyya.

TAMBAYA: Na ga Nosferatu sau biyu, ɗaya baƙi da fari mutane suna sauri-sauri, ɗaya kuma shuɗi da ruwan ɗorawa. Wanne ne na gaskiya? Daga wata ɗaliba a Kabuga.

AMSA: Malama, mai launin ne ya fi kusa da abin da aka gani a 1922. A zamanin fim marar magana tsoma kwafi ake yi a ruwan rini, yanki-yanki, kamar yadda ake tsoma yadi a marinar Ƙofar Mata: shuɗi na dare, ruwan ɗorawa na rana ko ɗaki mai fitila. Daraktan fim ɗin, F. W. Murnau, ya ɗauki fitowar dare da yawa da rana, rinin ne yake mai da su dare. Kwafin da babu rini yana ɓata labarin kansa, tunda hasken rana ne ajalin dodon. Fim ɗin ma da ƙyar ya tsira: matar Bram Stoker, marubucin littafin Dracula, ta yi ƙara saboda an kwaikwayi labarin littafin ba da izini ba, kotun Jamus ta ba da umarni a 1925 a lalata kwafinsa. Waɗanda suka riga suka fita ƙasashen waje su ne aka harhaɗa.

Saurin kuma daga gudun firam ne. Kafin zuwan sauti ba a tsayar da 24 a daƙiƙa ba. Nosferatu a kan 18 ake nuna shi. In aka kunna shi a 24 ya ƙara gudu da kashi ɗaya cikin uku. A Blu-ray ana maimaita kowane firam na uku don 18 ta cika 24.

Kada ki haɗa rini da koɗewa. In kika ga fim na shekarun 1960 ko 1970 ya koma ja-ja gaba ɗaya, wannan ciwon zaren launi na Eastmancolor ne: launi hawa uku ne a zaren, shuɗi-kore da rawaya suna riga ɗayan koɗewa. Ana dawo da su a kwamfuta matuƙar akwai saura a zaren.

TAMBAYA: Ina ganin ana rubuta "cikakke, ba yanka" a faifai. Ina ake samo abin da aka yanke shekaru da yawa?

AMSA: Galibi a wata ƙasa, domin kowace hukumar tacewa da abin da take yankewa. Dracula na kamfanin Hammer na 1958 an rage masa fitowar narkewar dodon a Ingila, amma kwafin da aka aika Japan yana da ita. A 2011 aka tabbatar da shi a ma'adanar fina-finai ta Tokiyo, naɗin ƙarshe-ƙarshe kawai suka tsira, ruwa ya taɓa su, aka gyara 'yan daƙiƙun aka mayar. Dracula na harshen Sifaniyanci, wanda aka ɗauka da dare a dandali ɗaya da na Turanci na 1931, naɗinsa ɗaya ya ruɓe, a Habana ta ƙasar Kuba aka samo madadinsa. Fitowar yarinya a bakin tafki a Frankenstein sai a shekarun 1980 aka mayar da ita. Irin wannan ƙari za ka ga hotonsa ya ɗan sauka, domin daga kwafin silima yake, kuma gara a bar shi a haka da a yi masa kwalliyar ƙarya. Wani kuwa ba ya dawowa: London After Midnight na 1927, kwafinsa na ƙarshe da aka sani ya ƙone a gobarar rumbun kamfanin MGM a shekarun 1960.

TAMBAYA: Mun samu gwangwanaye na fim a ɗakin ajiyar marigayi mahaifinmu, wanda ya yi aiki a silima. Wasu suna wari mai tsami. Me za mu yi? Daga wata uwa a Fagge.

AMSA: Allah ya jiƙansa, Hajiya. Da farko kada kowa ya sa su a majigi, kada a kusanto da wuta ko sigari. A buɗe a inuwa, inda iska take wucewa, a karanta rubutun gefen zaren. In an rubuta NITRATE, wannan shi ne zaren da aka yi amfani da shi har wajen 1951, kuma haɗari ne na gaske: in ya kama, ruwa ba ya kashe shi, hayaƙinsa guba ne, wanda ya fara ruɓewa kuma yana iya kamawa da kansa a zafin da bai wuce digiri 41 ba. Ɗakin kwano a Kano a watan Afrilu yana wuce haka. A fitar da shi daga ɗakin kwana, a nemi masana nan da nan. In SAFETY aka rubuta, ko zaren ƙarami ne na milimita 16, ba ya wannan ƙuna.

Warin tsami irin na ruwan khal alama ce cewa zaren SAFETY ya fara sakin asid. Ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu, kuma tururinsa yana hanzarta lalacewar na kusa da shi, saboda haka a ware masu warin. A kwantar da gwangwanayen, kada a tsayar, a ɗaga su daga ƙasa, a wuri mafi sanyi a gidan. Laimar da ake so kashi 30 zuwa 50 ce. Damina ce abokiyar gaba, ita ke kawo fumfuna mai cin fuskar hoton. Kada a goge da ruwa. A ɗauki hoton rubutun gwangwani da na gefen zare a waya, a tuntuɓi ma'adanar fina-finai ta ƙasa da ke Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Kada a raina su: Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an daɗe ana ɗauka ya ɓata, sai aka gano zarensa, cibiyar Arsenal ta Balin ta gyara shi aka nuna a 2018.

TAMBAYA: Ni furodusa ne, ina da fina-finan aljanu da na matsafa da muka yi a kaset. Za su iya zama 4K?

AMSA: Ba za su zama ba, Alhaji, amma za su fi abin da ke yawo a YouTube nesa ba kusa ba, in aka koma kan kaset ɗin asali maimakon sidin kasuwa. In MiniDV ne, a kwafe shi ta wayar FireWire kai tsaye, awa ɗaya gigabait 13, babu abin da zai ragu. In VHS ne ko Super VHS ko Betacam, ana buƙatar na'ura mai lafiyayyen kai, da akwatin daidaita sigina da ke hana hoto karkacewa, a ɗauka a 720 da 576 ba tare da matsewa mai asara ba. Kada a ɗauka kai tsaye zuwa MP4 da ƙaramin abin nan na USB. Bidiyonmu rabin-hoto 50 ne a daƙiƙa. A ajiye uwar a haka, a kan kwafi ne za a haɗe layukan a ɗaga zuwa 1080. Kaset mai farin fumfuna a gefe kada a sa shi a na'ura sai an tsabtace, zai toshe kan ya kuma shafa wa na bayansa.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke alkawarin 4K zana abin da babu suke yi: haƙora, idanu, rubutun allo, har su sauya kamannin jarumi. A fitowar dare, inda fim ɗin aljanu ya fi zama, sun fi yin ɓarna, domin yashin bidiyo suke ɗauka su gina fuska da shi. In za a yi amfani da su, a yi da sauƙi, kuma a ajiye uwar da ba a taɓa ba a ma'ajiya biyu, ɗaya a wani gida daban. A kuma hanzarta, domin kamfanin Funai, na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina tun 2016, kayan gyaranta sai a jikin wata tsohuwar ake cirowa.